Wai da gaske akwai ƙauye a Sifaniya da ake biyan yuro 15 kuɗin gida?

Ɗan_Kurna
Assalamu alaikum jama'ar zaure. An turo min wani bidiyo a WhatsApp, wai akwai ƙauye a ƙasar Sifaniya mai suna Marinaleda, babu ɗan sanda ko ɗaya, babu mai zaman kashe wando, gida mai ɗaki uku yuro 15 ake biya a wata, kuma wai talakawan garin ne suka ƙwace gonar wani basarake suka mai da ita ta kowa. Ni dai abin ya yi min kama da tatsuniya. Na san muna da mutane a can. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mana, kar in je ina yaɗa abin da babu shi.

Baban_Ummi
Wa alaikumus salam. Ƙanzon kurege ne, ɗana. A Turai ko wurin jingine keke ba za ka samu a yuro 15 ba. Masu bidiyon nan mabiya kawai suke nema.

Batawe_Almeriya
Alhaji, garin yana nan, ba ƙirƙira ba ce. Yana lardin Sevilla, wajen kilomita ɗari gabas da birnin, tsakanin Écija da Estepa. Mutanensa ba su kai dubu uku ba. Ni a Almeriya nake aiki cikin gonakin da ake rufewa da rumfar leda, da nisa tsakaninmu, amma babu leburan gona a Andalus da bai san sunan garin ba, don ƙungiyar ƙwadagon da ke tsaya mana mu baƙi idan mai gona ya danne haƙƙi, wato SAT, mutanen garin nan na cikin waɗanda suka kafa ta. Zancen yuro 15 gaskiya ne. Zancen babu mai zaman banza kuwa, an zuba masa gishiri.

Baban_Ummi
To in gaskiya ne me kake yi cikin leda kana shan zafi? Tattara ka koma can mana 😂

Batawe_Almeriya
Ai ba a miƙa wa baƙo makulli don ya sauka daga mota, Alhaji. Sai ka zauna garin, sunanka ya daɗe a rajistarsu, sannan ka shiga layi. Kuma da hannunka za ka gina.

Ɗaliba_Garnaɗa
Na taɓa zuwa tare da 'yan ajinmu, bari in faɗi abin da na gani da abin da aka yi mana bayani. Gidajen farare ne a jere, bene hawa ɗaya, ɗaki uku, da tsakar gida mai faɗi a baya inda wasu suka yi rumfa, wasu suka dasa lemo. Sun haura 300. Hukumar garin ce ke ba da fili kyauta, gwamnatin yankin Andalus ta ba da kayan gini a matsayin bashi mai sauƙi, a kawo mai zanen gini da ƙwararrun magina. Wanda zai zauna a gidan shi ne lebura: shi zai kwaɓa siminti, ya ɗauki bulo, daga tushe har fenti. In an gama sai ya riƙa biyan yuro 15 duk wata. Sharaɗin da masu bidiyo ba sa faɗa shi ne, ba ka da ikon sayar da gidan. Ka zauna, 'ya'yanka su gada, amma ba za ka kai shi kasuwa ka ci riba ba.

Sauran garin kuma bango duk zane ne, hoton Che Guevara, tutar Falasɗinu, rubuce-rubucen neman ƙasar noma. Dandalin da a da yake ɗauke da sunan Franco, sojan da ya yi mulkin kama-karya a Sifaniya, yanzu sunan Salvador Allende, tsohon shugaban Chile ɗan gurguzu, gare shi. Mun isa da rana tsaka, titi babu kowa sai tsofaffi a inuwar wani shagon shan kofi. Zafin wurin ba wasa ba ne, Écija da ke kusa da su ai kaskon suyar Andalus ake mata kirari.

Injiniya_Bauchi
Madalla, ƙanwata, kin warware rabin zancen. Ashe kuɗin gwamnati ne. Fili kyauta, kayan gini daga gwamnatin yanki, magina a biya su daga baitulmali. Ko ni aka yi min haka zan ba da gida a naira ɗari. Ina abin mamakin?

Ɗaliba_Garnaɗa
Yaya Injiniya, shirin tallafin gina gida da kanka ba don Marinaleda kaɗai aka yi shi ba, garuruwan Andalus da yawa suna da damar nema. Tambayar ita ce me ya sa a can ya zama unguwanni guda, a wasu wuraren kuma filin gari ya tafi hannun 'yan kasuwar gidaje, har abin ya fashe da su a 2008.

Malam_Garba_Tarihi
Barkanku da hira. Ɗan Kurna, kafin a zo kan gidaje, a fara sanin yadda aka yi gari guda ya tashi babu mai ko taƙi ɗaya na gona. Bayan Kurɗuba ta faɗa hannun sarakunan Kastila a 1236, Ishbiliya, wato Sevilla, ta biyo baya a 1248, sai aka yayyanka ƙasar aka raba wa manyan mayaƙa da coci da ƙungiyoyin sojan addini. Yankin Estepa, inda Marinaleda take, ya shiga hannun ƙungiyar Santiago. A 1559 kuma sarauta ta sayar da shi ga gidan Centurión, attajiran Genoa masu ba sarakuna bashi. A ƙarni na 19 gwamnati ta yi gwanjon filayen coci daga 1836, ta bi da filayen gari a 1855, wato makiyaya da dajin da talaka ke kiwo da yin itace. Wa ke da kuɗin saye? Mai shi ne dai. Haka aka wayi gari mutum ɗaya na da gonar da sai da doki ake zagaya ta, ƙauyen da ke gefenta kuma leburori ne zalla. Da asuba su fito dandali su tsaya, wakilin mai gona ya zo ya nuna da yatsa, kai da kai da kai, sauran su koma gida. Aikin ma na lokaci ne, girbin alkama da zafi, tsinkar zaitun da sanyi, ragowar watanni sai cin bashi a kanti.

Sun sha yunƙurawa. A Janairun 1933 a Casas Viejas, wani ƙauye a lardin Cádiz, leburori suka yi bore, jami'an tsaro suka cinna wa bukka wuta da mutane a ciki, suka harbe wasu, sama da mutum ashirin suka mutu. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1936, sojojin tawaye sun kama Sevilla tun da wuri, duk wanda aka sani da ƙungiyar ƙwadago a ƙauyukan lardin ya shiga uku. Marinaleda ma an kashe magajin garinta da wasu mazauna. Daga nan bakin kowa ya mutu. A shekarun 1960 matasa suka watse Barcelona da Jamus da Faransa neman abin sakawa a baki, har Franco ya mutu a Nuwamban 1975.

Ɗan_Kurna
Allah ya ƙara sani, Baba Malam. To ya aka yi gonar ta dawo hannunsu?

Malam_Garba_Tarihi
Ba dare ɗaya ba. A 1976 aka kafa ƙungiyar leburorin gona ta SOC, ita ce uwar SAT ɗin da Batawe ya ambata. A Afrilun 1979 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko bayan Franco, 'yan ƙungiyar suka tsaya, suka ci kujeru 9 cikin 11, wani malamin makaranta mai suna Juan Manuel Sánchez Gordillo ya zama magajin gari. A Agustan 1980 mutum kusan 700 a garin suka shiga yajin cin abinci, maza da mata, sama da mako guda, 'yan jarida suka cika garin, gwamnati a Madrid ta saki kuɗin aikin wucin gadi. Suka ga kuɗin nan zai ƙare, abin da ba ya ƙarewa ƙasa ce. Sai suka sa ido kan El Humoso, gonar basaraken da ake kira Duque del Infantado.

A nan dabarar take. Akwai tsohuwar doka da ta ce idan gwamnati ta kai ruwan ban-ruwa ga gonar tudu, tana iya karɓar wani yanki nata. Saboda haka a 1984 suka je suka tare a madatsar ruwan Cordobilla a kan kogin Genil har wata guda, suna neman a ja wa gonar basaraken ruwa. Ka ji fa, talaka na zanga-zangar a kai wa mai kuɗi ruwa! Bayan haka shekara da shekaru suna takawa a ƙafa zuwa gonar su zauna, jandarmomi su kore su, washegari su dawo. A 1991 gwamnatin Andalus ta biya basaraken, ta miƙa musu hekta 1,200 su noma.

Ɗaliba_Garnaɗa
A bangon ƙofar gonar an rubuta da manyan baƙaƙe cewa gonar nan ta leburorin Marinaleda marasa aikin yi ce. Kowa da ya je sai ya ɗauki hoto a wurin.

Tsohon_Ɗan_PRP
Allahu akbar. Ku duba shekarun nan da kyau. 1979 ɗin da malamin makarantar nan ya hau, ita ce shekarar da Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. 1980 ɗin da suka yi yajin cin abinci aka turo musu 'yan jarida, a Afrilunta manoman Bakolori suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu da madatsar ruwa ta cinye, aka turo musu 'yan sandan kwantar da tarzoma da bindiga. Ni ina saurayi lokacin. Can ma madatsa, nan ma madatsa. Su sun ƙare da hekta 1,200, namu sun ƙare da kaburbura.

Baban_Ummi
Kai kuma komai sai ka jawo PRP. Ana zancen Sifaniya.

Almajirin_Zazzau
Ni tambayata ta shari'a ce. Mutum na da gonarsa, ko ta gado ce ko ta saye, jama'a su je su tare a ciki har a tilasta masa rabuwa da ita. Wannan ba ƙwace ba ne? Talauci ba ya halatta dukiyar wani.

Tsohon_Ɗan_PRP
Malam, ba ka karanta bayanin Malam Garba ba ne? Shi kakan basaraken a wurin wa ya saya? Kuma ai akwai hadisin da ya ce wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce.

Almajirin_Zazzau
Baba, hadisin yana nan, amma malamai sun yi bayaninsa a kan ƙasar da ba ta da mai ita. Wannan kuwa tana da mai ita, ana ma noma ta. Abin da ya ɗan sassauta min shi ne da aka ce hukuma ce ta saya ta biya. Hukuma na iya karɓar fili don maslahar jama'a idan ta ba da diyya. To a daina cewa talakawa sun ƙwace, a ce gwamnati ta saya bayan sun matsa mata.

Batawe_Almeriya
Malam ya ce ana noma ta, haka ne, amma da me? Alkama da irin amfanin da mota ke shukawa mota ta girbe, mutum kaɗan sun isa su kula da gona mai girman gari. Da ta zo hannun ƙungiyar gama-kan garin sai suka juya lissafin: suka zaɓi abin da ya fi cin hannu. Tattasai, wake, zaitun, da wani kayan lambu mai ɓawo-ɓawo da suke kira alkacofa, wanda dole a bi shi ɗaya bayan ɗaya da wuƙa. Suka kafa masana'antar zuba su a gwangwani da kwalba, da injin matsar man zaitun. Manufar ba riba ba ce, yawan ranakun aiki ne. Wajen 2012 ana biyan yuro 47 a yini, awa shida da rabi a gona, kuma kowa kuɗinsa ɗaya, mai tsinka da mai riƙe da littafi.

Mu nan a leda akasin haka ne. Ka shiga tun da duhu, kafin hantsi numfashi ya fara gagara, ka yi awannin da aka ce, ranar biya ka ga an rubuta ƙasa da abin da ka yi. Na yi aiki wurin wani da ya yi mana haka wata da watanni, sai da 'yan ƙungiya suka raka mu da takarda sannan ya ciko. Shi ya sa ba na iya zagin mutanen nan.

Hajiya_Damagaram
Sannu ɗana, Allah ya tsare ku. Ni duk cikin zancen nan ban ji inda mata suke ba. Su ma ana biyan su 47 ɗin, ko kuwa gurguzun a bakin ƙofar gida yake tsayawa?

Ɗaliba_Garnaɗa
Hajiya, kuɗin yini ɗaya ne ga mace da namiji. A masana'antar gwangwani ma mata sun fi yawa, kuma akwai gidan renon yara na hukumar gari mai arha ƙwarai don uwa ta samu fita aiki. A yajin cin abinci da zaman dirshan a gona duk suna gaba. Amma kujerar magajin gari dai tun 1979 namiji ne a kai.

Hajiya_Damagaram
Na san za a rina.

Injiniya_Bauchi
Mu koma kan zancen babu marasa aiki, don nan ne ƙaryar bidiyon take. Hekta 1,200 ba za ta ba mutum dubu biyu da ɗoriya aiki wata goma sha biyu ba. Aikin gona na lokaci ne a ko'ina. Batawe, gaya musu da me ake cike giɓin.

Batawe_Almeriya
Da tallafin leburorin gona. Tun zamanin firaminista Felipe González a shekarun 1980 akwai shi a Andalus da Extremadura. Idan ka tara kwana 35 na aikin gona a shekara, da sa hannun wanda ka yi wa, kana iya karɓar ɗan kuɗi duk wata har wata shida. Shekarar fari gwamnati kan rage yawan kwanakin. Akwai kuma kuɗin da ake ba hukumomin ƙauyuka su ɗauki mutane gyaran titi da makamantansu. A Marinaleda ana karɓa-karɓa ne, rukuni ya yi kwanakinsa ya ba wani. In ba lokacin girbi ba wasu kan fita wasu garuruwan neman aiki kamar kowa.

Injiniya_Bauchi
To kun ji. Kuma ku lura da wani abu: duk wanda ke rabon kwanakin aikin nan, shi ke riƙe da wuyan mutane. A da wakilin basarake ne ke nuna yatsa a dandali. Yanzu ƙungiya ce da hukumar gari, kuma duk jam'iyya ɗaya ce. Idan ka saɓa da magajin gari, wa zai sa ka a rukuni? 'Yan adawar garin sun daɗe suna wannan kuka.

Zongo_Boy_Kumasi
Ni abin da ya tsaya min shi ne shekara 44. Daga 1979 har 2023 mutum ɗaya! In a Afirka ne da tuni an ce masa ɗan kama-karya. Don yana rataya rawanin Falasɗinawa a wuya sai a yafe masa?

Tsohon_Ɗan_PRP
Duk bayan shekara huɗu ake zaɓe, ƙuri'ar sirri, hukumar zaɓen ƙasa ke ƙirgawa, ba shi ba. Ya ci. Me kake so ya yi, ya ce kar a zaɓe shi?

Ɗaliba_Garnaɗa
Ku biyun kowa na da gaskiya a wani gefe. Zaɓen akwati na sirri ne. Amma harkar yau da gobe a babban taron gari ake yanke ta, a zauren ƙungiya: haraji, kasafin kuɗi, wa zai samu gida, za a je zanga-zanga ko ba za a je ba. Mota ce ke zagayawa da lasifika tana kira. A taron kuwa ɗaga hannu ake yi. Ki duba, Hajiya, garin da kowa ya san kowa, surukarki na zaune a bayanki, wanda ke rubuta sunayen masu aiki na gabanki, ki ɗaga hannu ki ce ba ki yarda ba? Wata mata da muka yi hira da ita ta ce ita ta daina zuwa taron tuntuni, kuma sai da ta waiga kafin ta faɗa. Wani dattijo kuma a shagon kofi ya nuna mana hannayensa ya ce da su ya gina gidansa, kuma ubansa a bukka ya mutu, don haka kar mu zo masa da zancen littafi. A zaɓen 2019 Gordillo da ƙyar ya sha, ratar ba ta kai ƙuri'a hamsin ba. A 2023 bai tsaya ba, Sergio Gómez na ɓangarensu ya gaje shi.

Baban_Ummi
Ba shi ne aka nuna a talabijin yana jagorantar wawashe kanti ba? Na tuna wani mai gemu da lasifika.

Malam_Garba_Tarihi
Shi ne, Alhaji. Agustan 2012, lokacin da rashin aikin yi a Sifaniya ya kai kashi ɗaya cikin huɗu, a Andalus ya haura kashi ɗaya cikin uku. 'Yan SAT suka shiga manyan kantuna biyu, ɗaya a Écija ɗaya a Arcos de la Frontera, suka ciko kekunan sayayya da shinkafa da mai da taliya da madara, suka fita da su ba su biya ba, suka ce na masu jin yunwa ne. Shi yana waje da lasifika, a lokacin kuma ɗan majalisar dokokin Andalus ne. An gurfanar da wasu daga cikinsu a kotu.

Almajirin_Zazzau
Wannan kam ba ta da kwana. Sata ce.

Tsohon_Ɗan_PRP
Sayyidina Umar bai yanke hannu ba a shekarar yunwa.

Almajirin_Zazzau
Ya ɗage haddi ga wanda yunwa ta tilasta wa, bai ce shugaba ya tara jama'a da 'yan jarida a je kanti ba. Kuma ma'aikatan kantin da aka ture, su ma 'ya'yan talakawa ne.

Admin_Zaure
Jama'a a yi a hankali. Malam da Baba, ku buɗe wani zaren in kuna son fiƙihu. Ɗan Kurna ya tambayi zancen 'yan sanda ma, ba wanda ya amsa.

Batawe_Almeriya
Wannan mai sauƙi ne. 'Yan sanda a nan kala-kala ne: akwai na ƙasa, akwai jandarmomin Guardia Civil masu kula da karkara, akwai na hukumar gari. Na hukumar gari ne Marinaleda ba ta da su. In an yi babban laifi jandarmomi za su zo kamar ko'ina. Kuma ƙananan ƙauyuka da yawa a Sifaniya ba su da ɗan sandan gari, ba don aƙida ba, don ba kuɗin biyansa.

Hajiya_Damagaram
To shara da gyaran gari fa?

Ɗaliba_Garnaɗa
Akwai abin da suke kira Jajayen Lahadi. Taro ya yanke cewa ranar Lahadi kaza za a fito, a share titi, a gyara lambu, ko a taya wasu gini, ba biya. Gayya ce dai, Hajiya, sai dai babu fura babu kiɗa. An ce mana a da ana yi sosai, yanzu ta ja baya, matasa ba su cika fitowa ba.

Zongo_Boy_Kumasi
Wani abokina da ke Zaragoza ya ce min akwai ƙauyukan da ake neman mutane ido rufe, har gida ake ba mai iyali don kar a rufe makaranta. Ko irin su ne?

Malam_Garba_Tarihi
A'a, wannan wata matsalar ce, ta tsakiyar ƙasar da arewacinta. Sifaniya na da ƙananan hukumomi sama da 8,100, fiye da rabinsu ba su kai mutum dubu ba. Lardin Soria da Teruel akwai inda za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga yaro ba. A Maris 2019 mutanen waɗannan yankuna suka cika Madrid da zanga-zanga, a Nuwamban shekarar kuma ƙungiyar Teruel Existe ta ci kujera a majalisar ƙasa. Abin sha'awa, zaman taron gari ba Gordillo ya ƙirƙiro shi ba. A ƙauyukan Kastila da León tun zamanin da ana buga ƙararrawar coci, magidanta su taru su yanke zancen makiyaya da ruwa da itace, kuma tsarin mulkin 1978 ya amince da irin wannan tsari, har yau wasu 'yan ƙananan ƙauyuka da shi suke tafiya. Bambancin shi ne can mutanen ne suka ƙare. Marinaleda kuwa, duk abin da za a ce, ba ta zama kufai ba.

Injiniya_Bauchi
Hukumomi 8,100 ga mutum miliyan 48 ko 49. Mu 774 ga sama da miliyan 200, su ma sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ƙauye mai mutum 2,600 da kasafin kuɗinsa da ikon ba da fili, wannan ne abin da ya ba ni sha'awa, ba hoton Che ba. Amma ina nan kan bakata. Ƙanwata, takardar mallakar gonar nan sunan wa ke kanta?

Ɗaliba_Garnaɗa
Gwamnatin Andalus. Su noma kawai suke yi. Tun da aka rushe hukumar gyaran mallakar ƙasar noma ta yankin a 2010, gwamnati ke son sayar da irin waɗannan gonaki, an kuma daɗe ana ja-in-ja a kan El Humoso. Mutanen garin sun ce ba sa son a yanka ta kowa ya riƙe nasa, don gobe mai kuɗi zai bi su ɗaya-ɗaya ya saye.

Injiniya_Bauchi
To gida ba naka ba ne ka sayar, gona ba taka ba ce ka jinginar, aiki sai an sa ka a rukuni. Yaron da ya gama jami'a a Sevilla ya karanta kwamfuta, me zai dawo yi? Yankan alkacofa?

Tsohon_Ɗan_PRP
Kakansa bai iya rubuta sunansa ba. Wa ya kai shi jami'ar?

Baban_Ummi
Ni dai Batawe, in ka samu man zaitun ɗin nasu ka turo min hoton kwalbar da farashi. In ya yi arha mu gwada kawowa Kantin Kwari kafin azumi.

Batawe_Almeriya
Alhaji, Kantin Kwari ai atamfa ake sayarwa. Kuma man zaitun, da aka yi fari a 2022 da 2023, ya yi tsadar da wasu kantuna har kulle kwalaben suka riƙa yi. Zan duba maka ranar Asabar in an sallame mu da wuri.